Shafi Na Ɗari Biyu Da Sha Ɗaya

Mushe Illiyasu ne ya ara mini shi,
bangon ya tsage, wani ya ɗinke da zaren buhu.
Ya ce kwana uku. Yau sati biyu.
A butik ɗin kawuna nake karatu, nan Wadata,
tsakanin mai sayen ashana da mai neman canjin jaka,
in kuran ya tafi in kunna fitilar salula.

Ladingo ake ce da yarinyar.
Shekara sha uku, ɗiyar mai haƙar rijiya,
kunnenta na jin hirar ruwa a ƙarƙashin ƙasa.
Wallahi na so ta.
Na so yadda take tsoron jakin gidansu,
da ƙaryar da ta yi ran da guga ya faɗa,
da yadda ta bar gari da takalmi wari da wari.
Daren da ta sauka rijiya ta bakwai,
inda matattun koguna ke zaman fada,
ban san sa'ad da aka kira assalatu ba.
Da safe na auna wa Iya Tabawa sukari maimakon gishiri,
har yau Tawa ba ta gama jin labarin ba.

Sai shafi na ɗari biyu da sha ɗaya.

Ashe wai ba ɗiyar mai rijiya ba ce.
Wai jinin Sarauniyar Ruwa ce, a ƙwarya aka tsince ta.
Na kife littafin bisa buhun shinkafa.
Haba, marubuci!
Tsohon da tafin hannunsa ya koma kirgi,
wanda ya koya mata ɗanɗanar yumɓu,
shi za ka tsige daga jikinta kamar ƙaya?
Mu da iyayenmu su ne iyayenmu fa?
Ni babana na Abijan tun ina aji uku,
yana tallar agogo a bakin titi.
Ba ƙwarya, ba tambarin sarauta a kafaɗata,
sai tabon allurar rigakafi.
Sau biyu na faɗi bak,
ba tsuntsun da ya sauko mini da saƙo.

Ga kuma Arzika, abokin tafiyarta,
mai ɗaukar salka, mai sa ta dariya.
Ya riƙe igiya har ta ci masa yatsu,
ya mutu cikin layi biyu da rabi.
Aka juya shafi, sai kiɗan naɗi.
Ni na yi masa zaman makoki, ni kaɗai,
a bayan kanta, da shayin da ya huce.

Na rantse ba zan ƙarasa ba.
Ran Laraba na ƙarasa.

Don akwai wani wuri dab da ƙarshe:
ta koma gida da duk ikonta,
ta tarar ƙofar zaure ta yi mata gajarta,
kowa na nan yadda ta bar shi,
amma ta rasa inda za ta zauna.
Wannan kam ba a bakin aljani ya ji shi ba.
Na san shi. Shi na tarar da na dawo daga Yamai,
wata takwas ina yawo da takardu,
na shigo da akwatin da na fita da shi.

Jiya da marece na bi ta tabkin Babaye.
Ruwa ya janye, yara na ƙwallo a busasshen taɓo.
Na tsaya. Na waiga, ba mai kallo.
Na ɗan karkata kunne ƙasa.
Ba komi, sai kukan kabu-kabu.
Na ji haushin kaina,
na kuma ji wani abu da ban san sunansa ba.

Habsu ƙanwata ta gan shi ƙarƙashin matashi.
"Yaya, da daɗi?"
Na ce da daɗi. Na ce babu.
Na ce karanta, amma in kin kai ɗari biyu da goma
ki rufe, ki zo ki same ni a butik
in gaya miki ɗiyar wa ce.

Mushe Illiyasu ya aiko sau biyu.
Na ce gobe.